Warin Baki: Aswaki, Buroshi, Ruwan Kurkure Baki, Gyaran Abinci ko Likitan Haƙori, da Wanne Za a Fara?

Warin baki yana daga cikin matsalolin da mai su yake zama na ƙarshen sani, domin hancin mutum yakan saba da warin jikinsa, kunya kuma takan hana na kusa da shi su faɗa masa. Sau da yawa sai dai ya lura cewa wanda suka zauna tare a keke napep daga Kawo zuwa cikin garin Kaduna yana ta kau da kai, ko kuma abokin aikinsa ya riƙa miƙo masa alewa ba tare da ya roƙa ba. Idan ya farga, sai shawarwari su yi masa yawa. Wani ya ce ya koma ga aswaki, wani ya ce ya sayi ruwan kurkure baki a kemis, wata ta ce ya daina cin albasa, wani kuma ya rantse cewa daga ciki abin yake, don haka maganin gyambon ciki zai nema. Kowace shawara tana da kuɗinta da wahalarta, kuma ba kowa ne ke da halin gwada su duka ba.

Kafin a auna waɗannan hanyoyi, wajibi ne a san inda warin yake fitowa, domin a nan ne yawancin mutane suke yin asarar kuɗinsu. Likitocin haƙori sun daɗe da tabbatar da cewa a cikin kowane mutum 10 masu warin baki, 8 zuwa 9 daga cikin bakin ne matsalar take, ba daga ciki ba. Akwai ƙwayoyin bakteriya da suke rayuwa a wuraren da iska ba ta kai wa sosai, musamman can ƙarshen bayan harshe, da tsakanin haƙora, da ƙarƙashin dasashi. Abincinsu shi ne ragowar nama da sauran abinci, da matattun ƙwayoyin fatar baki, da jini idan dasashi yana zubar da shi. Idan suka ci, sai su fitar da iska mai ɗauke da sinadarin farar wuta, irin wadda ake ji a ruɓaɓɓen ƙwai. Yawu ne yake wanke su, shi ya sa bakin kowa yake yin wari da asuba, bayan yawu ya ragu cikin barci. Maƙogwaron da ke kai abinci ciki kuwa a rufe yake zama in ba lokacin haɗiya ko gyatsa ba, saboda haka ciki ba ya cika zama tushen wari kamar yadda ake zato.

Ma'aunin da za a bi

Abubuwa biyar ne ya kamata mai zaɓi ya duba. Na farko, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne ko hanyar tana cire tushen warin ne ko kuwa rufe shi take yi da wani ƙamshi. Na biyu shi ne tsawon lokacin da tasirinta yake ɗauka, ko mintuna ne, ko sa'o'i, ko watanni. Na uku kuɗi, kuma ba kuɗin saye na farko kaɗai ba, har da abin da za a ci gaba da kashewa kowane wata. Na huɗu sauƙi, domin hanyar da mutum ba zai iya dawwama a kanta ba tamkar babu ce. Na biyar kuma haɗarin da take iya jawowa ga haƙori, ko dasashi, ko sauran jiki.

Aswaki

Babu buƙatar a gabatar wa Bahaushe da aswaki. Ana samun sa a ƙofar kusan kowane masallacin Juma'a, daga na Sultan Bello zuwa na unguwanni, da wurin masu sayar da turare da carbi a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Wanda ake shigowa da shi na icen arak ne, na gida kuma akan yanko shi daga darbejiya, ko marke, ko gwaiba. Darajarsa a addini sananniya ce, domin hadisi ya siffanta shi da tsarki ga baki kuma abin da Ubangiji yake yarda da shi. Ta fuskar kimiyya ma ba a raina shi ba, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da shi tun shekarar 1986 a wuraren da aka saba da shi. Zaruruwansa suna goge dattin da ya manne wa haƙori, icen arak yana ɗauke da sinadaran da suke rage bakteriya, taunarsa kuma tana sa yawu ya zubo.

Wajen kuɗi babu abin da ya kai shi araha, wajen sauƙi ma haka, tun da ba ya buƙatar ruwa ko makilin, ana kuma iya yin sa sau biyar a rana gabanin kowace sallah. Wannan maimaicin shi ne babban ƙarfinsa. Rauninsa yana cikin siffarsa. Da yake a miƙe yake, kuma zaruruwan suna kan bakinsa ne, yana da wuya ya isa bayan turamen haƙora da ɓangaren da ke fuskantar harshe, sai mutum ya riƙa goge haƙoran gaba har su yi ƙyalli alhali na baya suna tara datti. Wanda yake dirzawa da ƙarfi kuma yakan ture dasashi ya koma baya, saiwar haƙori ta bayyana, ruwan sanyi ya fara tsirga masa. Akwai kuma ɗabi'ar ajiye aswaki ɗaya a aljihun riga har mako biyu ba a yanke bakinsa ba. Irin wannan ya daina tsarkake baki, ya koma mazaunin abin da ake gudu. Ya kamata a yanke kan da aka yi amfani da shi kullum ko bayan kwana biyu, a wanke shi, a bar shi ya sha iska.

Buroshi da makilin, tare da harshe da tsakanin haƙora

Wannan ita ce hanyar da kusan kowa yake cewa yana bi, kuma ita ce aka fi yin ta rabi da rabi. Ƙa'idar ita ce sau 2 a rana, minti 2 kowane karo, da buroshi mai laushi, a kuma canza shi bayan kowane wata 3 ko da zarar gashinsa ya baje. Daga cikin biyun, na dare ya fi muhimmanci, domin duk abin da aka kwana da shi a baki bakteriya za su yini a kansa, ko in ce su kwana, ba tare da yawun da zai kore su ba. A gidajenmu da yawa kuwa da safe kaɗai ake goge baki, a ci tuwo da miyar kuka mai daddawa da daddare, a bi da shayi mai sukari, a kwanta. Makilin ɗin da ya dace shi ne mai sinadarin fulorayid, wanda akan rubuta adadinsa a jikin kwalin, tsakanin 1,000 zuwa 1,500 ga manya a ma'aunin da ake rubutawa da haruffan ppm. Close-Up da Oral-B da Colgate da Pepsodent da ake samu a kowane shago duk suna da irin wannan, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai bambancin da ke tsakanin mai gogewa da kyau da mai yi da gaggawa ba. Bayan an gama a tofar da kumfar, amma kada a bi da ruwa mai yawa, domin a bar fulorayid ya yi aikinsa.

Sai dai goge haƙora kaɗai ba ya raba mutum da wari, kuma wannan ne ya sa wasu suke cewa sun yi duk abin da aka ce ba su ga canji ba. Idan mutum ya tsaya gaban madubi ya zaro harshensa sosai, zai ga wani farin abu ko ruwan ɗorawa ya lulluɓe can ƙarshensa. Wannan shimfiɗar ita ce matattarar wari mafi girma a bakin yawancin mutane. Ana cire ta da abin kankare harshe na roba ko na ƙarfe da ake sayarwa a manyan kemis, ko da bayan buroshin da aka yi wa ƙurzunu, ko ma da ƙaramin cokali mai tsabta da aka kifa. A ɗora shi can baya gwargwadon yadda za a iya jurewa, a jawo zuwa gaba a hankali sau uku ko huɗu, ana wankewa bayan kowane ja. A kwanakin farko yakan taso da yunƙurin amai, amma jiki yana sabawa, musamman idan ana fitar da numfashi a lokacin da ake ja. Ba a buƙatar ƙarfi, kuma idan harshe ya yi jini to an wuce gona da iri.

Abu na uku shi ne tsakanin haƙora. Wanda ya ci tsire ko kilishi ya san yadda zaren nama yake maƙalewa, kuma irin wannan guntun idan ya kwana biyu a lungu yana iya ɓata numfashin baki gaba ɗaya. Tsinken sakace yana fitar da babban guntu, amma ba ya goge gefen haƙori, tsinken tsintsiya da kan allura da murfin biro kuwa raunata dasashi suke yi. Zaren sakace na kemis shi ne yake shiga ya goge gefe da gefe. Gwaji mai sauƙi shi ne a shinshina zaren bayan an fitar da shi daga tsakanin turame. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba ya buƙatar wani ya ƙara yi masa bayani.

Kuɗin wannan hanya matsakaici ne: makilin kowane wata, buroshi sau huɗu a shekara, zare lokaci zuwa lokaci, abin kankare harshe na ƙarfe kuma saye ɗaya ne na shekaru. Tasirinta yana kai sa'o'i masu yawa, kuma ita ce take taɓa tushen matsalar kai tsaye. Haɗarinta kaɗan ne, in dai ba a yi amfani da buroshi mai tauri ba, wanda wasu suke zaɓa da gangan a kan zaton ya fi fitar da datti. Haka nan goge haƙori da gawayi, ko toka, ko kanwa, ko gishiri tsagwaronsa yana kankare farin ɓawon haƙori, shi kuwa idan ya tafi ba ya sake tsirowa.

Ruwan kurkure baki

A nan ne ake kashe kuɗi mafi yawa a kan sakamako mafi ƙanƙanta, idan ba a san abin da ake saye ba. Ruwan kurkure baki iri biyu ne. Akwai na ƙamshi kawai, wanda yake sanyaya baki da minti na ɗan lokaci sannan warin ya dawo. Akwai kuma mai magani a ciki. Mafi ƙarfi a cikin masu magani shi ne mai sinadarin kulohezidin, irin wanda ke cikin Corsodyl, kuma yana kashe bakteriya sosai, tasirinsa yana daɗewa a baki har kusan sa'o'i 12. Amma ba a yi shi don amfanin kullum ba. Idan aka ɗauki makonni ana kurkurawa da shi yakan rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, ya kuma canza ɗanɗanon abinci, shi ya sa likitoci suke ba da shi na ɗan lokaci, galibi mako ɗaya zuwa biyu, bayan wankin haƙori a asibiti ko lokacin da dasashi ya kumbura. Ba a kuma yin sa nan take bayan makilin, sai an ba da tazarar kamar rabin sa'a. Masu ɗauke da sinadarin zinki sun fi dacewa da amfanin yau da kullum, domin zinki yana kama iskar farar wutar ya hana ta tashi. Shi kuwa Listerine na asali yana ɗauke da barasa fiye da kashi 20 cikin 100, abin da yake sa zafi a baki, wasu kuma suke ƙyamarsa saboda addini. Kamfanin yana yin wanda babu barasa a ciki, kuma ana rubuta hakan a jikin kwalbar.

Kwalba ɗaya takan ci dubban naira, kuma ba ta wuce 'yan makonni idan ana bin ƙa'ida, don haka a lissafin shekara ta fi buroshi da makilin tsada nesa ba kusa ba. Sauƙinta ne yake jan mutane, tun da daƙiƙa 30 sun isa. Amma ruwa ba ya kankare abin da ya manne, kamar yadda zuba ruwan omo a tukunyar tuwo ba ya fitar da ƙanzo sai an sa soso. Ba a ba yara ƙanana saboda suna iya haɗiyewa. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri yana lallashin dasashin da ya kumbura, kuma kusan kyauta ne, sai dai shi ma taimako ne, ba magani ba.

Gyaran abinci da abin sha

Abinci yana shafar numfashi ta hanyoyi uku mabambanta, kuma rashin rarrabe su ne yake sa mutum ya haramta wa kansa abubuwa da yawa a banza.

Hanya ta farko ita ce ta tafarnuwa da ɗanyar albasa. Warinsu ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. Bayan an narkar da su, wani sinadari yakan shiga jini, ya bi ta huhu ya fito tare da numfashi, kuma yana iya kaiwa yini guda cur. Saboda haka wanda ya ci tsire da yaji mai tafarnuwa da yankakkiyar albasa a daren Alhamis, ko ya goge baki sau uku, na kusa da shi a sahun Juma'a zai iya ji. Ba mamaki da shari'a ta umarci wanda ya ci su ɗanye da ya nisanci masallaci. Dafa su yana rage ƙarfinsu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka a shekarar 2016 ya nuna cewa cin ɗanyen tuffa, ko ganyen na'a-na'a, ko latas jim kaɗan bayan tafarnuwa yana rage warin sosai. Wannan irin wari mai wucewa ne, maganinsa kawai a san ranar da za a ci.

Hanya ta biyu ita ce bushewar baki, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita a Kaduna. Jikin babba yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana, amma sai da isasshen ruwa. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyi yana kashe ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana zuƙe danshin jiki, ƙura kuma tana toshe hanci har mutum ya kwana yana numfashi ta baki. A watannin Maris da Afrilu kuwa gumi ne yake kwashe ruwan. Malamin makaranta, da mai talla, da ɗan kasuwar da yake yini yana ciniki a Kasuwar Barci, bakinsu yana bushewa saboda yawan magana. Shan ruwa kaɗan-kaɗan a tsawon yini ya fi a kwankwaɗi lita guda lokaci ɗaya. Fita aiki ba karin kumallo ma yana cikin wannan rukuni, domin tauna ce take tayar da yawu, abinci mai ɗan kaushi kuma yana share bayan harshe a kan hanyarsa ta wucewa. Karas, da kokwamba, da gwaiba, da yalo, waɗanda ake samu da araha a Bakin Dogo, suna yin wannan aikin. Taba sigari da shisha suna busar da baki, su bar nasu warin, su kuma lalata dasashi ta yadda ba zai nuna jini da wuri ba, sai cutar ta yi nisa. Goro yana barin ɓarɓashi a tsakanin haƙora ya kuma rina su.

Hanya ta uku ita ce yunwa mai tsawo. Idan jiki ya daɗe bai sami abinci ba yakan koma ƙona kitse, wannan kuma yana fitar da wani wari na daban ta huhu. Shi ne wani ɓangare na warin bakin mai azumi, haka nan na masu rage ƙiba ta hanyar barin tuwo da shinkafa gaba ɗaya.

Sai kuma abubuwan da ake taunawa ko tsotsa. Kanumfari yana da ƙamshi mai ƙarfi da wani mai wanda likitocin haƙori da kansu suke amfani da shi, kuma ƙwaya ɗaya ko biyu sun isa. Citta, wadda Kachia da Jaba da Kagarko suka yi fice wajen nomanta, tana da nata amfanin: masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Munich da ke Jamus sun ruwaito a 2018 cewa sinadarin da ke ba ta yaji yana ƙara wa yawu ƙarfin wargaza iskar farar wuta. Kindirmo marar sukari ya fi lemon kwalba alheri ga baki ta kowace fuska. Alewar minti irin su TomTom tana sanyaya numfashi na 'yan mintuna, amma sukari ce, wanda yake tsotsar biyar ko shida a yini yana ciyar da bakteriyar da ke huda haƙori ne, kogon haƙori kuma sabuwar matattarar wari ce. Cingam marar sukari ya fi ta, saboda yawun da yake jawowa. Tsotsar lemon tsami kullum kuwa tana cinye ɓawon haƙori.

A taƙaice dai kuɗin wannan hanya kaɗan ne, wani lokaci ma ragi take kawowa, haɗarinta kuma kusan babu. Amma wanda harshensa yake da shimfiɗa ko dasashinsa yake ruɓewa, ko ya bar albasa har abada warin yana nan.

Likitan haƙori

Dattin da ya kwana biyu a gindin haƙori ba a goge shi ba yakan fara daskarewa ya zama kamar dutse, kuma daga nan babu buroshi ko aswakin da zai iya ɓamɓare shi. A ƙarƙashinsa dasashi yake kumbura, ya riƙa jini, a hankali ya saki haƙori ya bar aljihu inda bakteriya suke taruwa. Warin da ke fitowa daga irin wannan aljihu shi ne mafi nauyi, kuma wankin haƙori a asibiti ne kaɗai yake kai wa gare shi. Likita ko ma'aikacin da aka horar yana amfani da na'ura mai girgiza da feshin ruwa, aikin kuma ba ya cika wuce sa'a ɗaya. A cikin garin Kaduna akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44, a Zariya kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ban da asibitoci masu zaman kansu, waɗanda suka fi sauri amma suka fi tsada.

Akwai jita-jitar cewa wankin haƙori yana sa haƙora su yi giɓi ko su riƙa girgiɗi. Gaskiyar ita ce daskararren dattin ne ya cike giɓin da cuta ta riga ta yi, da aka cire shi sai ɓarnar ta bayyana. Tsirgawa ta 'yan kwanaki da ɗan jini su ne abin da aka saba gani bayan aikin. A biya ɗaya wannan ita ce hanya mafi tsada, amma sau ɗaya ko biyu ake yi a shekara, kuma a zama ɗaya likita zai gano kogo, ko turmin hankali, wato haƙorin ƙarshe na can baya, da ya fito a karkace yana tara abinci, ko ƙurji a saiwa.

| Hanya | Tana cire tushe? | Daɗewar tasiri | Kuɗi | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Aswaki | Wani ɓangare | Sa'o'i kaɗan | Mafi araha | Mai sauƙi ƙwarai | Janyewar dasashi idan an dirza |
| Buroshi, harshe da zare | E, ga yawancin mutane | Rabin yini | Matsakaici, kowane wata | Yana son naci | Kaɗan |
| Ruwan kurkure baki | Mai magani kaɗai, shi ma da iyaka | Mintuna zuwa sa'o'i 12 | Mai tsada a shekara | Mai sauƙi ƙwarai | Rina haƙora, zafin baki |
| Gyaran abinci da ruwa | Na bushewa da na tafarnuwa | Muddin ana kiyayewa | Kusan kyauta | Matsakaici | Kusan babu |
| Likitan haƙori | E, har ƙarƙashin dasashi | Watanni | Mai tsada a biya ɗaya | Sai an ware rana | Tsirgawa ta 'yan kwanaki |

Wa ya dace da wace?

Wanda bai taɓa kankare harshensa ba, kuma dasashinsa ba ya jini, kada ya sayi komai mai tsada tukuna. Ya ƙara gogewar dare, ya kankare harshe kowace safiya, ya sa zare sau ɗaya a rana, ya riƙe gorar ruwa, ya ba abin mako biyu. Ɗalibi a jami'ar jiha ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly) wanda kuɗinsa a ƙirge yake, wannan da aswaki a tsakiyar rana sun wadatar da shi. Ba na ganin dalilin da zai sa a mayar da aswaki da buroshi kishiyoyi, tun da ɗaya na gida ne safe da dare, ɗaya kuma na aljihu ne.

Wanda yake ganin jini a kumfar makilin, ko haƙorinsa yake girgiɗi, ko yake jin ɗanɗanon ruɓa daga wuri ɗaya, ya fara da likita, kuma kuɗin da zai zuba a kwalabe uku na ruwan kurkure baki gara ya tara su don wankin haƙori. Mace mai ciki ma dasashinta yakan kumbura ya yi jini saboda canjin jiki, kuma ciki ba ya hana a duba mata baki, sai dai ta sanar da likita halin da take ciki. Shan maganin kashe bakteriya irin Flagyl ba tare da umarnin likita ba yakan kwantar da warin na 'yan kwanaki, sannan ya dawo, domin dattin yana nan inda yake.

Ma'aikacin banki, ko malami, ko mai shago da yake fuskantar jama'a a kusa, zai amfana da ruwan kurkure baki mai zinki marar barasa bayan abincin rana, a matsayin ƙari a kan gogewa, tare da barin ɗanyar albasa zuwa ƙarshen mako. Mai azumi ya goge haƙora da harshe sosai bayan sahur, ya yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ya rage yaji mai tafarnuwa a sahur, ya riƙe aswaki da rana bisa abin da malamansa suka karantar da shi.

Dattijo mai haƙoran roba ya cire su da daddare, ya wanke su da buroshi na daban, ya jiƙa su a ruwa mai tsabta. Idan yana shan maganin hawan jini, ko na mura irin Piriton, ya kuma lura bakinsa yana bushewa, ya gaya wa likitansa, kada ya daina maganin da kansa.

Idan likitan haƙori ya duba ya ce baki lafiya lau, amma warin bai tafi ba, sai a waiwayi hanci da maƙogwaro. Majina mai gangarowa ta bayan hanci, da wasu fararen ƙwayoyi masu ɗoyi da suke taruwa a ramukan ƙululun naman gefen maƙogwaro, duk suna kawo wari, kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna tana duba hanci da maƙogwaro tare da kunne. Yaron da warin yake fito masa ta kafar hanci ɗaya tare da majina mai ɗoyi, galibi ƙwayar gyaɗa ce ko guntun katifa ya tura a ciki, kuma asibiti za a kai shi, ba a zaƙulo a gida ba. Mai ciwon suga da numfashinsa ya koma kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, tare da ƙishirwa mai tsanani da amai da kasala, wannan na gaggawa ne a ranar. Warin fitsari a numfashi yana iya nuna ciwon ƙoda.

Akwai kuma wanda ya tabbatar wa kansa cewa bakinsa yana wari, yana rufe baki da hannu idan zai yi magana, yana kashe kuɗi a kemis, alhali babu wanda yake jin komai. Hura iska a tafin hannu ba ya nuna gaskiya. Abin da ya fi shi ne a kankaro bayan harshe da cokali, a bar shi ya bushe na ɗan lokaci, a shinshina, ko kuma a tambayi mata, ko miji, ko ɗan'uwa na jini wanda ba zai ji nauyin faɗar gaskiya ba, a lokuta biyu ko uku mabambanta na yini.